Inshorar Yusha'u da Injin Kaltume

A shekarar 1988 na fara sanin Yusha'u, shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Kaduna. Shi ne direban da ya kwaso mini kaya daga Wusasa zuwa Unguwar Sarki a babbar motar ubangidansa: gado, kabad, keken ɗinkin matata da akwatin littattafai. A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu. Ya zaro takardu daga wata jakar leda ya miƙa, aka juya su gaba da baya, aka maido masa, muka wuce. Ni da na yi makarantar mishan, inda ake dukan yaro a kan waƙafi, ban iya ganin takarda in ƙyale ta ba. Na karɓa na duba. Takardar inshorar ta wata ƙaramar mota ce mai ɗaukar mutum huɗu, kuma wa'adinta ya ƙare tun zamanin wata gwamnati.

Na ce, "Direba, wannan ai ba ta motarka ba ce."

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Malam Akawu, ita takarda ba karanta ta ake yi ba, nuna ta ake yi."

Tun daga ranar yake kirana Malam Akawu, ko da yake sunana Istifanus, kuma na daɗe da barin aiki. Da ya yi aure sai ya kama haya a bayan gidana, daga baya ya sayi gidan. A shekarar 2000, bayan rikicin addinin da aka yi a garin, da yawancin 'yan'uwana suka ƙetare kogi suka koma kudancin gari, ni na zauna, kuma Yusha'u na cikin dalilan zamana. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da zan ba da labari shi ne injin niƙan Kaltume, wata dattijuwa da ke gangaren layinmu, wanda da shi take ci da kanta da jikokinta marayu, da yadda mutanen kirki suka taru suka kusa raba ta da abinci saboda tsabar kirki.

Yusha'u gajere ne, siriri, ba ya son magana, kuma da hannunsa yake ɗinke tamfol ɗin motarsa. Ya yi wa mutane tuƙi shekara da shekaru kafin ya sayi tasa, wata tsohuwar gingimari da ta girmi 'ya'yansa duka. Hatsi yake ɗauka da taki da siminti. Jakar ledar nan kuwa ba ta daina ƙiba ba: lasin mota, takardar lafiyar mota, takardar ɗaukar kaya, da ta kowace ƙaramar hukuma da tayarsa ta taɓa takawa, don kowace tana da tata kuma ba ta san ta maƙwabciyarta ba. Inshora kuma a gindin wata dalbejiya yake sayenta, wurin wani ɗan kamasho mai hatimi a aljihu. Kamfanin da ke rubuce a kai ba shi da ofis a doron ƙasa, wanda hakan ya sauƙaƙa wa kowa, tunda ba wanda zai ɓata kuɗin mota ya je nemansa. Direbobi na kiranta inshorar shinge. A shinge take aiki, kuma tsakani da Allah tana yi.

Sai zamani ya zo da fitinarsa. Aka wayi gari ɗan sanda na danna lambar mota a waya, wayar ta faɗa masa ko inshorar ta gaske ce. Dillalin takin da Yusha'u ke yi wa dako shi ma ya ce ba zai ƙara loda wa motar da ba ta da cikakkun takardu ba: inshorar da za ta biya wanda mota ta yi wa ɓarna, da ta kayan da aka ɗauko. Yusha'u ya fara zuwa wurin limamin unguwarmu, Malam Abdurrahim, ya tambaya ko abin ba caca ba ne. Liman ya ce akwai irin wadda ake kira takaful, wadda ake haɗa kuɗi don taimakon juna, ita ba laifi. Ya je ya yi ta, ya biya yana salati kamar ana cire masa haƙori, ya kawo mini takardun in karanta masa.

Na ji daɗin ranar. Takarda ce mai kyau, Turancinta ba kuskure, irin wanda rabona da gani tun muna rubutu da tawada. Na sa tabarau na fassara masa sharuɗɗan.

"In hatsari ya faru, kada ka ce laifinka ne."

"In kuma nawa ne fa?"

"Ko da naka ne."

"To na wa zan ce?"

"Ba na kowa ba. Ka yi shiru ka ɗauki hoto."

"In take mutum, in ciro waya in ce ya gyara zama?"

"Kada kuma ka gyara komai sai mutuminsu ya zo ya gani da idonsa. Sannan ka je caji ofis ka karɓo rahoto."

Ya juya takardar gaba da baya. Can ya ce, "Wato na biya kuɗi ne don in kai ƙarar kaina."

Na ce haka ake yi a duk inda aka ci gaba. Ya ce Allah ya tsare, na ce amin, ya ninke ta ya tura cikin jakar leda tare da 'yan'uwanta.

Allah ya tsare har damina biyu. A ta ukun, ina Wusasa wurin jana'izar wani abokin karatuna, abin ya faru. Yadda aka ba ni labari, kuma na bi na tabbatar, shi ne haka. Yusha'u kan ajiye motar a saman layi, ya sa mata wani ƙaton dutse a bayan taya, don birkin hannunta ya daɗe da yin ritaya. Ranar ana suna a wani gida, matan da ke girki suka rasa dutse na uku na murhu, suka ga wani mai kyau yana zaune ba aikin komai a ƙarƙashin mota, suka ɗauke. Da hantsi motar ta tuna tana da tayoyi. Ta gangaro da baya, a hankali, kamar mai neman adireshi, ta rushe katangar Kaltume, ta hau rumfar da injin yake, ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo, don Kaltume ta shiga ciki ɗauko rariya. Injin kuwa ya koma kamar faranti.

Me Yusha'u ya yi? Abin da uwarsa ta koya masa, ba abin da na karanta masa ba. Ya rugo ba hula, ya durƙusa a gaban Kaltume, a gaban liman da duk wanda ke da ƙafa a unguwar, ya ce da ƙarfi, "Laifina ne, Yaya Kaltume. Motata ce, sakacina ne. Ki yafe mini." Ita kuma, da ta ga namiji mai furfura a ƙasa, ga jama'a sun zuba mata ido, ta faɗi abin da kowace dattijuwar arziki za ta faɗa. Ta ce, "Tashi, Yusha'u. Ƙaddara ce. Na yafe, duniya da lahira." Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a, mata suka yi ta share hawaye, har da waɗanda dutsen ke ƙarƙashin tukunyarsu.

Daga nan sai zumunci ya motsa. Wani ya kawo bulo, wani yashi, wani ragowar siminti. Magina biyu suka bar aikinsu suka zo. Lawan mai walda ya jawo injinsa ya miƙe bayan motar, ya shafa fenti. Aka share wurin tas, aka kira 'yan gwangwan suka auna gawar injin suka tafi da ita. Kafin la'asar katanga ta tsaya, ta ma fi ta da kyau, aka tayar da rumfar, aka kawo wa ma'aikata shinkafar suna. Da na dawo washegari, abin da na tarar a layinmu shi ne sabuwar katanga da mutane masu fara'a.

Na tambayi Yusha'u ko ya ɗauki hoto.

"A wannan halin, Malam Akawu?"

"Caji ofis fa?"

"Ana zaune lafiya?"

Na sa shi ya buga wa kamfanin waya a gabana. Suka turo wani saurayi mai suna Jamaluddeen, mai lakataye da ƙaramar jaka, wanda aikinsa shi ne duba ɓarna ya ƙiyasta ta. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe mu. Ya ce a nuna masa inda abin ya faru. Muka nuna masa katanga. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"Baba, wannan ai lafiyarta ƙalau."

"An gyara," in ji Yusha'u.

"Motar fa?"

"Ita ma."

"Injin da aka ce ya lalace?"

"Yana wurin 'yan gwangwan, in ba su narkar da shi ba."

Jamaluddeen ya rubuta wani abu, ya soke. Ya ce to shaidu. Nan ne unguwarmu ta nuna tarbiyyarta. Mai shagon kan kwana ya ce shi dai ya ji ƙara, amma ƙara ba ta ƙarewa a Kaduna. Lawan ya ce fenti kawai ya yi wa abokinsa. Matan gidan suna suka aiko cewa ba su san komai game da wani dutse ba, alhali ba wanda ya ambaci dutse. Liman ya kama hannun yaron ya ce, "Ɗana, maganar nan ta wuce, an yafe. Kada ka tayar mana da ita." Hoto ɗaya tak aka samu a wayar wani magini: mutane zaune a gindin katangar da aka gama, kowa da farantin shinkafa, suna dariya.

Jamaluddeen ya daɗe yana kallon hoton. Ya juya wurin Yusha'u.

"Baba, ka faɗa wa wani cewa laifinka ne?"

"Ban faɗa wa wani ba. Kowa na faɗa wa."

Yaron ya sassauta lakatayensa. Ya ce, "Wallahi Baba ni ma ɗan Rigasa ne, da mahaifina ne haka zai yi. Amma me zan kai ofis? Ba ɓarna, ba rahoto, ba shaida, mai mota ya amsa laifi a gaban gari, wadda aka yi wa ɓarnar kuma ta yafe." Ya ce ƙofa ɗaya ta rage. In Kaltume ta yarda aka rubuta takardar neman diyya da sunanta, ta dangwala hannu, zai ɗauka ya je ya roƙi manyansa, mai yiwuwa a biya ta kuɗin inji. In babu mai nema, kamfani ba ya bin mutane gida-gida yana tambayar wa ke so.

Muka tafi gidan Kaltume, ni da Yusha'u. Muka same ta a zaure tana surfe a turmi, na wata maƙwabciya, don 'yan kuɗin cefane. Mace ce da ta haura sittin, kuma rabonta da taɓarya tun mijinta na da rai, shi ne ya saya mata injin. Ta shimfiɗa mana tabarma. Yusha'u ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu.

"Ba ni za ki kai ƙara ba, Yaya. Kamfani ne zai biya. Kuɗin ma nawa ne, na riga na zuba musu."

"Sunan wa za a rubuta a takardar, cewa shi ake bi?"

Ya dube ni. Ni kuwa ba a koya mini ƙarya a kan abin da ke rubuce ba. Na ce, "Sunan Yusha'u."

"To kun ji." Ta jingine taɓaryar. "In ce na yafe a gaban liman, a shafa fatiha, sannan in zagaya in dangwala hannu ina bin mutum? Malam Istifanus, haka aka koya muku a mishan?"

Na ce, "An koya mana yafiya, Kaltume. An kuma koya mana karɓar rasit."

"To ni guda ɗaya aka koya mini."

Yusha'u ya ce to a bar kamfani, shi zai nemo kuɗi ya saya mata wani injin. Nan ne ta ɓata rai da gaske.

"Au, sayen yafiyar ka zo yi? Nawa ka yi mata kuɗi? Tashi ka ba ni wuri, Yusha'u, tun ban janye ba."

Muka tashi. Jamaluddeen ya ƙara bugo waya sau ɗaya ko biyu, sannan ya rufe fayil ɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Watannin da suka biyo baya unguwa ta yi ta yabon Kaltume. Liman ya kawo misalinta a wa'azi. Mata na cewa irinta sun ƙare. Suna faɗa suna ɗaukar niƙansu da markaɗensu suna kaiwa unguwar Badarawa, tunda yabo ake yi a layinmu, niƙa kuwa a can. Ita tana surfe da wankau. Hannunta ya kumbura. Aka daina jin ƙamshin miya daga gidan, matata ce ta fara lura. In an aika mata abinci takan karɓa ta yi godiya, ta maido kwanon da 'yar kuka ko daddawa a ciki, don kada a ce sadaka ce. Kowa ya fita da mutuncinsa daga wannan hatsari, har motar, sai dai tukunyar Kaltume.

Yusha'u ya daina zama a dakalina da yamma. Ya koma ɗaukar lodin nesa da a da yake ƙi saboda bayansa, Maiduguri, Yola, har kudu. In ya dawo ba ya kawo motar layi, a tasha yake barinta ya hau Keke mai ƙafa uku. Na ɗauka kunya ce ke korar sa, kuma da ita a ciki. Na tambaye shi sau ɗaya ina sabon tamfol ɗin da ya saya bara, ya ce tsohon ma bai mutu ba.

Ana nan, bayan an gama girbi, wata rana da azahar sai ga shi da 'yar kurkura ɗauke da injin niƙa. Ba sabo ba ne, na hannu ne, amma an wanke shi an sa masa sabon bel. Ya tsaya a ƙofar Kaltume. Ina kan hanyata ta dawowa daga sayen jarida, ya yafito ni da hannu, ina jin don a samu shaida. Ya yi sallama, ta fito tana goge hannu da zane. Ta ga injin, fuskarta ta canza.

"Yusha'u, ba na ce maka..."

"Ba naki ba ne, Yaya. Nawa ne. Wani ne ya haɗa ni da shi, ban san yadda zan yi da shi ba. Gidana kin san shi, ko akuya sai ta yi baya-baya take fita. Ajiya na kawo."

"Ajiya."

"Ajiya. Ga rumfarki nan ba komai a ciki. Sai dai shi inji in ba a tayar da shi tsatsa yake yi. Don Allah ki riƙa tayar mini da shi kullum, kada ya lalace."

"In na tayar da shi haka nan ai ɓarnar mai ce."

"To ki ɗan zuba masa wani abu ya niƙa. Abin da ya fito ki sayi man da shi."

Kaltume ta zagaya injin. Ta taɓa bel ɗin, ta leƙa cikin mazubin. Ta dube ni.

"Malam Istifanus, ka ji da kunnenka, ajiya ya ce."

"Na ji."

"Ba sai an rubuta ba?"

Na ce a wannan karon ba sai an rubuta ba.

Ta ce, "To a sauke. Amma Yusha'u, ranar da za ka zo ɗaukar kayanka ka faɗa mini tun da wuri, ba na son a zo mini bagatatan."

"In sha Allahu, Yaya."

"Kuma ajiya nauyi ce. Ka ɗora mini aiki."

"Ki yi haƙuri."

"Na yi."

Sai daga baya Lawan ya faɗa mini cewa ba wani da ya haɗa Yusha'u da komai. A kasuwar Panteka ya ga injin, ya riƙa kai wa mai shi kuɗi kaɗan-kaɗan duk dawowar da ya yi daga tafiya, har da kuɗin tamfol.

Yana nan yana sabunta inshorarsa kowace shekara, ta gasken, don dillalin taki ba ya wasa. Kamfanin na ji da shi ƙwarai. Sun ce a littafinsu bai taɓa yin hatsari ba, har ragi suka yi masa.

Injin na aiki tun daga safe, ina jin ƙararsa yanzu haka da nake rubutu. Layi ya dawo da niƙansa gida. Gida ɗaya ne kawai bai dawo ba. Matar Yusha'u har yau Badarawa take kai markaɗenta, ta biya kuɗin Keke zuwa da dawowa, don ya hana ta taka rumfar Kaltume, kada a ce sun zo duba kayansu.